Cingam da filasta masu nikotin: abin da suke iya yi wa wanda ya bar giya yana neman barin taba

Kaya biyu ne zan yi sharhi a kansu, cingam mai nikotin (sinadarin da ke sa taba ta kama mutum) da filasta mai nikotin da ake liƙawa a fata, kuma zan yi magana ne a matsayin mutumin da ya yi amfani da su a Birnin Kebbi bayan Allah Ya raba shi da kwalba amma sigari ta ƙi sakinsa. Hukuncina shi ne suna aiki, kuma sun cancanci kuɗinsu ga wanda zai iya sayen abin da zai kai shi ƙarshen wa'adi, sai dai rabin aikin kawai suke yi, kuma da gani ba don mai zama a zafinmu ko mai aljihu irin namu aka tsara su ba.

Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai yi mamakin yadda mutum zai iya barin giya, wadda kowa ya san ƙarfin kamunta, ya kasa barin ɗan karan taba. Dalilin yana da alaƙa da yadda muke zaune. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon 2000 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, Kebbi kuma ta bi sahu, giya ta ƙara shigewa ɓoye, mai shanta sai ya yi tafiya, ya yi ƙarya a gida, ya yi fargabar idon da zai gan shi. Taba kuwa tana kan teburin kowane mai shayi, kuma mai busa ta, ko da an ƙi jinin warinsa, ba wanda zai ce ya fita daga sahun mutanen kirki. Saboda haka idan mutum ya tuba daga giya, danginsa sukan ɗauki tabar a matsayin ƙaramin alhaki da za a yi haƙuri da shi. Wani abokina da muka taso tare, da na faɗa masa niyyata, cewa ya yi: "Malam, mi yay yi zahi? Ka bar babba, ka bari ƙaramar ta riƙe ka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma tsoronsa shi ne kada matsin barin taba ya mayar da ni inda na fito.

Amma ƙaramar ce ta fi kisa. Wani bincike da likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka wallafa a 1996 ya bi diddigin mutum 845 da aka taɓa kwantarwa don yi musu maganin shaye-shaye, galibinsu na giya, sai aka tarar cewa daga cikin waɗanda suka rasu, kusan kashi 51 cikin 100 cututtukan taba ne suka yi ajalinsu, yayin da na giya suka tsaya wajen kashi 34. Bill Wilson, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous a 1935, ya shafe sama da shekara talatin bai kurɓa ba, amma cutar huhu da sigari ta jawo masa ce ta kashe shi a 1971. Ga kuma abin da ya shafi irinmu kai tsaye: giya da taba idan suka haɗu a jiki ɗaya suna ninka haɗarin sankarar baki da maƙogwaro fiye da yadda kowace za ta yi ita kaɗai, don haka wanda ya daɗe yana haɗa su ya riga ya tara bashi a jikinsa, kuma ci gaba da zuƙa ƙarin bashi ne.

Tsoron abokina ma an auna shi. A 2004 wasu masana a Amurka sun tattara gwaje-gwaje 19 wuri ɗaya, suka ga cewa waɗanda aka taimaka wa su bar taba a lokacin da ake yi musu maganin shaye-shaye sun fi sauran samun damar daɗewa ba su koma ga giya ko ƙwaya ba da kusan kashi 25 cikin 100. A wannan shekarar kuma wani gwaji guda ya nuna cewa waɗanda aka jinkirta wa barin taba da wata shida sun ɗan fi riƙe barin giyarsu a kan waɗanda aka haɗa wa duka biyun lokaci guda. Abin da na fahimta daga nan shi ne tambayar ta lokaci ce kawai, kuma likita ne zai taimaka a tsayar da shi. Akwai bambanci ɗaya da ya wajaba a sani kafin a sayi komai: yanke taba farat ɗaya wahala ce da ba ta kisa, amma yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya dogara da ita na iya kawo jijjiga da ruɗewa da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, har ya kai ga rasa rai. Wanda yake a wannan mataki asibiti yake buƙata, irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ko sashen da ke kula da wannan a manyan asibitocinmu. Wannan sharhin na wanda ya riga ya tsallake wancan mataki ne.

Yadda kayan suke aiki ba shi da sarƙaƙiya. Nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mai shan taba, kuma idan an zuƙi hayaƙi yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Abin da ke ɓata huhu da jijiyoyin jini kuwa yana cikin hayaƙin ne, wanda ke ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu haddasa sankara. Cingam da filasta suna ba jiki nikotin ɗin a hankali ba tare da hayaƙi ba, sannan a riƙa ragewa har jiki ya saba da rashinsa. Gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa suna ƙara damar barin taba da kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kan wanda bai yi amfani da komai ba, kuma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya shi kaɗai.

Filasta ita ce ta fi burge ni, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Irin da na yi amfani da ita tana zuwa da ƙarfi uku, miligiram 21 da 14 da 7, kuma umarnin da ke cikin kwalin shi ne mai shan fiye da kara 10 a rana ya fara da babbar na mako shida, ya sauko zuwa ta tsakiya na mako biyu, ya ƙarasa da ƙaramar na mako biyu. Ana liƙa guda da safe a damtse ko ƙirji ko baya, inda babu gashi, a canza wuri kullum. Kyawunta shi ne ba ta neman shawararka. Mai barin giya ya san cewa duk abin da zai sa ya riƙa tambayar kansa sau goma a rana ko ya sha ko kada ya sha, haɗari ne gare shi, ita kuwa filasta da ka liƙa ta shi ke nan, tana ƙarƙashin riga, ba wanda ya sani, kuma da yake ba a gaɓoɓin alwala take ba, ba ta shiga tsakaninka da salla. Fushin nan na safiya da rashin natsuwa a ofis, waɗanda suka fi tsanani a makon farko, ta rage musu kaifi sosai, ko da yake ba ta kawar da su gaba ɗaya ba.

Matsalarta gumi ne. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, mutum zai liƙa ta bayan wankan safe, ya hau babur zuwa aiki, kafin azahar ya ji gefenta ya ɗago, wani lokaci ma sai dai ya tsince ta a cikin singileti. Abin da ya yi mini magani shi ne barin fata ta bushe sarai, ba mai ba hoda, a danne ta da tafin hannu na ɗan lokaci, sannan a bi gefenta da filastar ɗaure ciwo ta kemis. Wurin da aka liƙa yakan yi ja da ƙaiƙayi, kuma zafi na ƙara wannan. Sai kuma mafarkai. Wanda ya kwana da ita yakan yi mafarkai masu ƙarfi kamar a farke, kuma ga mai tarihi irin nawa wasunsu na kwalba ne, ka farka gabanka yana faɗuwa kana zaton ka koma. Cire ta kafin barci ya kawar da wannan, sai dai an biya da yunwar taba mai tsanani da asuba. Wanda zai iya zaɓar lokaci, ya fara da hunturu. Azumi ma lokaci ne mai kyau, domin malamai da dama sun yi fatawa cewa abin da ke shiga ta fata ba ya karya azumi, kuma mutum ya riga ya saba kame baki daga alfijir zuwa magariba.

Cingam kuwa sunansa ne yake cutarsa, domin duk wanda ya tauna shi yadda ake tauna cingam na kanti zai tsane shi a rana ɗaya. Nikotin ɗin ta fatar cikin baki yake shiga jini, wanda aka haɗiye da yawu kuwa cikin ciki yake tafiya ya kawo shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya. Yadda ake yi shi ne a tauna a hankali har a ji wani yaji-yaji a harshe, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya lafa a sake taunawa a sake ajiyewa, haka har kusan minti 30. Wanda ya taɓa ganin yadda tsofaffi ke ajiye tabar gari a leɓe ya riga ya gane tsarin. Yana zuwa da ƙarfi biyu, miligiram 2 da 4, kuma babban na wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da tashi daga barci ne. Ɗanɗanonsa ba daɗi, na'ana'a ce a sama da ɗaci a ƙasa, kuma a ganina hakan ya fi, tunda magani ne.

Akwai wani sharaɗi da takardar cikin kwalin ta kawo da misalan da ba namu ba. An hana ci ko shan wani abu minti 15 kafin a tauna da kuma lokacin taunawar, musamman abu mai tsami, saboda tsami a baki yana hana nikotin shiga jini. Takardar kofi da ruwan lemo ta ambata, mu kuwa sai mu karanta zoɓo da kunun tsamiya da nono da lemon kwalba. Mutumin da ya bar giya yakan maye gurbinta da lemon kwalba mai sanyi, wuni guda yana kurɓa, kuma irin wannan zai tauna cingam ya ce bai ji komai ba, alhali bakinsa ne bai ba maganin hanya ba.

Wani abin da masu yin cingam ɗin a Suwidin, inda aka ƙirƙiro shi, ba su da dalilin tunawa da shi shi ne mutunci. A wurinmu magidanci mai furfura yana motsa baki da cingam a majalisa ko a ofis abin kallo ne, domin ɗabi'ar 'yan mata da yara ake ɗaukarsa. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin lokacin a kunci yake zaune, don haka da ɗan dabara ba mai lura. Wanda ke da haƙoran roba ko ciwon muƙamuƙi gara ya nemi irin na tsotsawa kamar alewa. Duk da waɗannan, cingam ne ke amsa kiran gaggawa, bayan cin abinci ko bayan an ɓata maka rai, inda filasta ba ta da abin cewa, kuma don haka ne nake ganin haɗa su biyun shi ne daidai ga wanda ya daɗe yana zuƙa da yawa, kamar yadda akasarin tsofaffin mashaya giya suke.

Sai batun goro da shayi, wanda ban ga an rubuta shi a kan kwali ba amma likitana ya ja mini kunne a kansa. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa sarrafa sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi, da sauri fiye da yadda ta saba. Idan aka daina zuƙa, hanta takan koma tafiyarta ta asali, sai goron da mutum ya saba ci ya riƙa daɗewa a jininsa. Nikotin na filasta ba ya hana wannan, domin hayaƙin ne ke yin aikin. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya bar taba, bakinsa ya rasa abin yi, ya ƙara goro da shayi, sai ga bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, ya ɗora laifin a kan filasta ko ya ce jikinsa giya yake nema. Rashin barci kuwa yana cikin manyan ƙofofin da ake komawa kwalba ta cikinsu. Rage goro da shayi zuwa rabi a makonnin farko, da barin su bayan la'asar, ya yi mini amfanin da ya kusa kai na maganin kansa. Wannan sauyin na hanta ya shafi wasu magungunan ƙwaƙwalwa da na asma ma, don haka wanda ke kan magani ya sanar da likitansa ranar da zai daina.

Inda kayan suka gaza gaba ɗaya shi ne abin da ba jiki ba. Shekarun da na yi ina haɗa kara da kwalba sun ɗinke su wuri ɗaya a kaina, kuma a makonnin farko na barin taba sha'awar giya, wadda na yi zaton ta mutu, ta sake motsi, musamman tsakanin isha'i da barci. Ba filastar da ke maganin wannan sa'ar. Abin da ya taimaka shi ne ƙaurace wa majalisar da ake busa hayaƙi na wani lokaci, da asuwaki a hannu da baki, da aya da dabino, da zama a masallaci bayan salla, da kuma uwargida da ɗan'uwa ɗaya da suka san halin da nake ciki, waɗanda zan iya ce wa yau dare ya yi mini nauyi. Sha'awar taba takan taso ta lafa cikin 'yan mintuna idan ba a biye mata ba, kuma wanda ya yi yaƙi da giya ya riga ya san wannan dabara ta jira. Wannan ita ce ribar da muke da ita a kan sauran masu barin taba, kuma ba kasafai ake faɗa mana ba.

Wasu 'yan'uwa suna ƙin waɗannan kaya da hujjar cewa musanya jaraba ce da jaraba. Na ɗauki hujjar da muhimmanci, domin gaskiya ne akwai waɗanda ke wuce mako 12 da aka tsara suna tauna cingam, kuma mai halin kamuwa ya kamata ya sa wa kansa ido. Sai dai nikotin da ke shiga a hankali ba ya bugarwa, ba ya gusar da hankali, ba ya kawo ɗan daɗin nan na zuƙar farko da ke sa a koma, kuma wanda ya makale a cingam huhunsa ya huta. Abu ɗaya da zan ce a kiyaye shi ne feshin baki mai nikotin, domin wasu nau'o'insa suna ɗauke da ɗan sinadarin barasa a cikin haɗinsu. Kaɗan ne ƙwarai, amma wanda ya yi alkawari da Ubangijinsa da kansa yana da haƙƙin ya sani, kuma a rubuce yake a takardar.

Babban aibin kuwa farashi ne da wahalar samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cingam da filasta cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, amma a garinmu sai mutum ya zagaya kemis-kemis ana kallonsa kamar ya tambayi abin da ba a taɓa ji ba. A wani kanti yaron ya ce mini, "Alhaji, filastar ciwon baya ce muke da ita," ya miƙo ta da niyyar in gwada. A ƙarshe wani mai harhaɗa magunguna ne ya riƙa yi mini oda daga wajen jiha, kuma da yake kayan shigo da su ake yi, kuɗinsu yana bin dala. A lissafa: umarnin cingam ga mai amfani da shi kaɗai shi ne aƙalla guda 9 a rana a makonni shida na farko, wato guda 378 kafin a fara ragewa. Taba kuwa, duk da dokar taƙaita ta ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, har gobe da canjin aljihu ake sayenta a bakin titi. Wannan rashin daidaito ne ke kayar da mutane, domin mai ƙaramin albashi zai sayi kwali ɗaya, ya riƙa tsimin sa, ya sha ƙasa da ƙima, maganin ya yanke a mako na biyu, ya koma ga mai tebur ya ce an gwada ba ya aiki. Shawarata ita ce kada a tsayar da ranar dainawa sai kayan aƙalla wata guda suna hannu, kuma an san inda na gaba zai fito. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma lura da inda aka ajiye su a kantin, domin ana son su zauna ƙasa da digiri 25, kwalin da ya wuni a gilashin da rana ke duka kuwa cingam ɗinsa yakan narke ya manne da takarda.

Tsadar ce ke sa wasu su juya ga ƙwayoyin barin taba, kuma a nan ne tarihin giya yake da nauyi. Bupropion yana ƙara haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya, an hana shi ga wanda ke cikin yanke giya ko mai farfaɗiya, kuma haɗa shi da tramadol, wadda ta yi yawa a hannun matasanmu, ƙarin haɗari ne. Varenicline yana da ƙarfi sosai wajen barin taba, amma a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yana iya sauya yadda giya ke bugar da mutum, abin da ya shafi duk wanda ke iya zamewa ya kurɓa. Ba ɗayansu da ya kamata a saya a kan kanta bisa shawarar aboki. Ko cingam da filastar ma, mace mai ciki da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba sai da izinin likita. Kuma likitan ba zai iya zaɓa maka daidai ba sai ka faɗa masa maganar giyar da bakinka, yawan da kake sha da lokacin da ka daina, ko da kuwa ɗan unguwarku ne kuna haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a, domin aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin abin da ka faɗa a ɗakin duba marasa lafiya.